Giyar Inna ta Ƙare a Sama

Dandagaun, Nuwakot
Tara ga watan Asoj

Zuwa ga Yayata Bimaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Cyprus. Ubangiji ya ƙara miki ƙarfin jiki da haƙuri, ya tsare ki daga ciwo a ƙasar da ba ki da mai dafa miki ruwan zafi. Ranar cikar wata na hau ɗakin ibada na kunna miki fitilar man shanu, Lama malamin wurin kuma ya sa sunanki a addu'a. Ya tambaye ni ko har yanzu bayan nan naki yana damunki, na ce masa wadda take ɗaga tsohuwa daga gado zuwa kujera sau shida a rana ai ba a tambayarta lafiyar baya.

Mu muna nan yadda kika sani. Damina ta yi mana yawa bana, ƙasa ta zaftare ta cinye hanyar mota a ƙasan makaranta, sati uku sai a ƙafa muke sauka kasuwa. Masara ta yi kyau, tamba ma ta fara fitar da kai. Ɓaunarmu ta haihu, mace. 'Yarki Asmita ta zo hutu daga makarantar jinya ta yi mana kwana goma, ta yi tsawo har ta fi ni, kuma ta auna wa kowa jini a unguwar nan, ko yana so ko ba ya so. Baba gwiwa ce kawai ke damunsa, bakinsa kuwa lafiya lau. Inna tana nan yadda ciwon ya bar ta tun sanyin da ya wuce. Ɓarin dama bai dawo ba, tana cin abinci in an ba ta a baki, magana kuma sai ta kwana biyu ba ta haɗa kalma uku ba. Ni ce wanka, ni ce juyi, da safe kuma in tafi aji in tsaya a gaban yara. Ba ƙorafi nake ba, Yaya, gajiya ce kawai, kuma ke kaɗai nake iya gaya wa.

Ƙanwar mai kantin magani za ta koma aikinta a Limassol can Cyprus, ita na ba wannan takarda ta kawo miki hannu da hannu, don maganar ba ta waya ba ce. In na fara a waya za ki ce tsohuwa na kira ki kashe, na san ki. Wata biyar ke nan duk lokacin da kika tambayi auren autanmu Norsang sai mu ce ana nan ana shiri. Ba a shirin komai. Maganar ta tsaya, kuma a kan giya ta tsaya. Na san tun ranar da aka ƙona gawar mijinki kika rantse a gaban kowa hannunki ba zai ƙara taɓa tukunyar giyar nan tamu ta raksi ba, na kuma san shekara tara ba wanda ya isa ya ambace ta a gabanki. Ina wurin, na ga abin da ta yi masa da abin da ya yi miki saboda ita. Ki daure ki karanta har ƙarshe, in ya so sai ki yi fushin gaba ɗaya.

Kin san labarin yarinyar, Menuka, wadda Norsang ya haɗu da ita a wurin aikinsa a Hong Kong. Abin da ba a gaya miki ba shi ne halin ubanta. Kaman Singh Lopchan tsohon soja ne, ɗan tsallaken kogin nan namu, shekara arba'in rabonsa da zaman gida, kuma irin mutanen nan ne da nisa ke ƙara wa riƙon al'ada. Sauran mutanenmu a can in za su nemi aure sai su shiga kanti su sayi kwalba mai tsada, su ɗaura mata farin ƙyalle, a sha a tafa, shi ke nan. Shi ya ce ba da shi ba. Ya ce pong ɗin neman 'yarsa sai an kawo shi yadda shi ya kai wa uban matarsa: tulun katako, man shanu a baki, a ciki kuma raksi wadda aka dafa a murhun gidan mai nema. Wai yana saurayi ya taɓa shan ta gidanmu a wani biki, har yau bai manta ba. In ya buɗe ya sha, ya ba da 'ya. In ya mayar da tulu a rufe, kowa ya san abin da ake nufi.

Da Inna ta ji, har wani fankama ta riƙa yi. Sati shida kafin ciwon ya kama ta ta dafa, ni ina jido ruwa ina hura wuta, tana zagina wai ko itace ban iya turawa ba. Mai ruwa uku ta yi. Ana sauya ruwan sanyin saman tukunya karo na uku ta sauke, Baba yana ta mita wai ana asara, ko kallonsa ba ta yi ba. Abin da ya fito bai kai lita biyu ba. Ta toshe shi ta ɗora a kan kanta, ta ce ko ƙuda ne ya sauka a kai sai ta sani. Ba wanda ya kawo a ransa cewa ita ce dahuwarta ta ƙarshe.

Bizar Hong Kong ta fito a watan Baisakh, ni da Baba, don ba a barin tsoho ɗan saba'in da uku da bai taɓa ganin cikin jirgi ba ya tafi shi kaɗai. Ni da ban yi auren ba ni ce mai ɗawainiyar auren kowa. Na bar Inna a hannun Gwaggo Thuli muka sauka Kathmandu. Mai sayar da tikiti ya ce abin ba wuya, a zuba a gora mai ƙarfi, a naɗe da tsumma, a sa cikin babban akwati. Baba ya tambaye shi ina akwatin yake zama. Ya ce a cikin jirgin mana, a ƙasa. Baba ya ce ƙasan me, ya ce ƙasan kujeru. Nan fa Baba ya miƙe tsaye. Wato pong ɗin ɗansa zai yi tafiyar yini guda mutum ɗari biyu suna zaune a kansa da takalmansu, wasu ma suna shiga bayi a samansa? Abin da ko a gida ba a ajiye shi a ƙasa, ba a tsallaka shi? Na yi lallashi, na yi faɗa, na sa Norsang ya kira shi. Ya ce ko dai ya riƙe a jikinsa ko a fasa tafiyar.

Mai tikitin ne ya ce akwai dabara ɗaya, ba a hana shiga da ruwa kaɗan-kaɗan a ƙananan kwalabe in sun shiga farar leda ɗaya ga kowane fasinja. Na sayo kwalabe irin na maganin tarin yara, na dafa su, na shanya. Goma sha shida suka ɗauke ta duka, takwas a ledata takwas a tasa, tulun kuma ya rataya shi a wuya babu komai a ciki. Mutumin ya gaya mana da bakinsa har sau biyu cewa shiga da ita daban, sha a ciki daban, kuma na biyun laifi ne. Na maimaita wa Baba a mota, na maimaita a layi. Ya ce, “Malama, ki adana karatun nan sai kin koma aji. Ni ne zan sha giyar surukina?” A wurin bincike suka ɗaga ledojin suka duba, suka ce mu wuce. Muna wucewa Baba ya karɓe tawa ya cusa duka biyun cikin ɗamararsa, ni kuma na ƙyale shi. Kuskurena ke nan, ba sai an gaya mini ba.

Tikiti mai sauƙi ta Malesiya yake bi, don haka jirgin cike yake da masu tafiya aiki. Kin san su, kin taɓa zama cikinsu: samari da huluna iri ɗaya da kamfanin ɗaukar ma'aikata ya raba musu, kowa ya rungume takardunsa. Ba a ba mu kujera wuri ɗaya ba. Ni can gaba, Baba can baya a tsakiyarsu, kusa da taga. Na roƙi a sauya mana, aka ce sai an tashi. Na ɗaura masa bel na koma kujerata. Yaya, ni da na yi wata uku ban yi barcin kirki ba, ga kujera mai laushi, ga ba mai jiran in juya shi, jirgi bai gama ɗagawa ba na yi nisa.

Abin da ya faru a bayana daga baya na haɗa shi, daga bakin Baba da na waɗanda suka zauna kusa da shi. Da jirgi ya huda gajimare sai ga duwatsun ƙanƙara a taga, har da namu da muke gani daga tsakar gida. Kin san Baba bai taɓa wuce ko ƙaramin tudu mai tuta ba tare da ya yayyafa wa masu wurin ba, balle a ce yau ga shi sama da kan dutsen kansa. Ya ce kunya ce ta kama shi, wai ba tsoro ba. Ya zaro kwalba ɗaya, ya ɗiga a murfi, ya tsoma yatsa ya yarfa sau uku a gilashin taga. Da a nan ya tsaya da ban rubuto miki ba.

Na kusa da shi wani ɗan gundumar Rasuwa ne, Karsang, shekarunsa ba su fi ashirin da biyu ba, ya baro mata da cikin wata bakwai. Ƙamshin na dukan hancinsa sai ya sunkuyar da kai ya fara hawaye. Baba ya tambaye shi lafiya, ya ce ƙamshin ɗakin girkin uwarsa ne. Baba ya tambaye shi wa ya yi masa sallama a bakin ƙofa, wa ya ba shi ƙwai da kurɓin tafiya. Ya ce babu. Wata biyu suka yi a wani masauki a Kathmandu suna jiran biza, jiya da yamma aka ce musu gobe ne, ko gida bai samu ya koma ba. Baba ya leƙa ya tambayi na gefensa, shi ma haka. Na bayansu ma haka. Baba ya ce tun da yake bai taɓa jin an fita tafiyar shekara uku da baki a bushe ba, kamar an kori kare. Ya cika murfi ya miƙa wa Karsang da hannu biyu, ya dafa kansa ya yi masa addu'ar da ake yi, ya je lafiya ya dawo da ƙafarsa. Sai wani daga baya ya ɗago ya ce, “Kaka, mu fa? Mu ba uwa ce ta haife mu ba?”

Waƙa ce ta tashe ni. Na buɗe ido na ji ana rera irin tamu ƙasa-ƙasa ana buga hannun kujera, jirgin duka yana ƙamshin rumfar Inna ranar dahuwa. Na juya. Baba yana tsaye a tsakiyar hanya da tulu a wuya, samari sun yi layi har bakin bayi, kowa ya zo ya cire hula ya rusuna, a ba shi murfi ɗaya a dafa kansa. Har da waɗanda ba yarenmu ba, har da wani ɗan yankin Terai da ya ce shi ba ya sha, a shafa masa a goshi kawai. Ma'aikatan jirgi biyu suna ta Turanci ba mai jin su, keken abincinsu ya maƙale a baya. Kafin in kutsa in isa, kwalba goma sha ɗaya babu komai a ciki. Na ce Baba me ka yi haka. Ya ce in kwantar da hankalina, ai ba ta zama pong ba tukuna tunda ba ta shiga tulu ba.

Babbar ma'aikaciyar ba ta yi mana rashin mutunci ba, gaskiya ɗaya ce. Ta ce doka ce, ba a shan wadda fasinja ya shigo da ita, don ba su san ƙarfinta ba, ba su kuma san wa ya sha nawa ba, ga shi an tare hanya an ƙi zama. Ina fassara wa Baba yana gyaɗa kai, yana cewa in gaya mata ita ma ta karɓi murfi ɗaya, da ganinta ta yi nisa da gida. Wannan ban fassara ba. Ta karɓe huɗun da ta gani. Da abin ya tsaya nan da sauƙi, sai ga wasu biyu da suka zagayo layi sau uku, ga ciki babu komai. Ɗaya ya yi amai a kan hanya, ɗaya ya ƙi ɗaura bel yana cewa a buɗe masa ƙofa shi ya fasa tafiyar. Matuƙi ya yi magana ta lasifika. Da muka sauka Malesiya 'yan sanda ne suka fara shigowa, kuma ni da Baba aka fara kira.

Awa biyar muka yi a wani ɗaki ana tambaya ina amsawa, a sake tambaya in sake amsawa. Wani ya sansana kwalbar ya ce wannan ai man jirgi ne, abokansa suka yi dariya, Baba ya ɗauka yabo ne. A ƙarshe suka ga tsoho ne, suka sa na sa hannu shi kuma ya dangwala yatsa a takardar cewa ba za a ƙara ba. Huɗun nan a gabanmu aka tsiyaye su a wurin wanke hannu, kuma a nan ne kawai na ga fuskar Baba ta sauya. Jirginmu na biyu ya riga ya tafi, sai washegari aka sa mu a wani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne samari biyun nan. Mun ga an wuce da su wani ɗaki, wakilin kamfaninsu yana ta masifa a waya. Ko an bar su sun shiga ƙasar, ko an juyo da su gida, har yau ban sani ba, Baba kuma yakan tambaye ni sai ka ce ni na ajiye su.

Norsang ya tare mu da furanni. Na gaya masa a mota, ya danne fushinsa har muka shiga ɗakinsa, ɗakin da in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Nan ya fashe. Ya ce shekara biyu yana lallaɓa mutumin nan, Baba ya ɗauki aurensa ya raba wa 'yan hanya waɗanda ko sunansu bai sani ba. Baba ya ce ya san sunan goma sha huɗu, ya fara lissafowa, sai da na shiga tsakani. Ana kwance ɗamara sai ga kwalba ɗaya ta faɗo, ashe ta maƙale a ninki. Norsang ya fita ya dawo da farar giya ta kanti, ya zuba a tulu, ya juye ta Inna a kai don ƙamshi. Ya ce bayan shekara arba'in harshen mutum ba ya riƙe komai. Ba zan ɓoye miki ba, ni na riƙe masa mazurari. Na gaji, so nake a gama in koma wurin Inna. Baba yana zaune a bakin gado yana kallonmu, bai ce a yi ba bai ce a bari ba.

Ranar kai pong, falon Kaman Singh ya cika, 'yan'uwansu sun zo daga ko'ina a birnin, mata sun sha ado, ana ta soye-soye a kicin. Menuka yarinya ce mai hankali, Yaya. Ta durƙusa ta gaida Baba da yarenmu duk da a can aka haife ta, ta tambaye ni jikin Inna kafin ta tambayi komai. Nan take ta shiga raina, shi ya sa abin ya fi mini ciwo. Aka yi jawaban da ake yi, aka lissafo kakanni, Baba ya ajiye tulu a kan tebur da farin ƙyallensa da man shanu a baki. Kaman Singh ya jawo shi gabansa, ya sa hannu zai cire murfi. Sai Baba ya ɗora hannunsa a kan nasa ya ce, “Maigida, kada ka buɗe. Abin da ke ciki ba na matata ba ne. Nata na rabar a hanya.”

Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Baba ya ba da labarin duka bai rage ba, har da 'yan sanda, har da mazurari, sai dai bai faɗi wanda ya riƙe ba. Wasu matasa suka fara dariya, kallo ɗaya Kaman Singh ya yi musu suka haɗiye. Ya tambayi Baba samarin su nawa ne, 'yan wace gunduma ne. Sannan ya ce shi ma ranar da ya shiga soja daga filin ɗauka aka wuce da shi, ba wanda ya ba shi ko ruwa a bakin ƙofa, kuma da ya haɗu da tsoho irin Baba a hanya da ya gode. Har na fara sakin numfashi. Sai ya tura tulun a hankali har gaban Baba, a rufe. Ya ce, “Kai mutumin kirki ne, kuma gidanka nake so wa 'yata. Amma ba zan ba da ita a kan giyar kanti ba, ba kuma zan ba da ita a kan labari mai daɗi ba. Ku dawo da ta murhunku kafin Lhosar, bikin sabuwar shekara.” Daga baya matarsa ta ja ni kicin ta gaya mini sauran. Yayanta yana da wani yaro a Ingila da suka daɗe suna naci, Kaman Singh kuma ya yi musu alkawari in Lhosar ta wuce ba pong zai saurare su. Menuka ta ce ita Norsang take so, amma ta kuma ce ba za ta bar gidan ubanta ba sai ya sha. Halinsu ɗaya ita da uban.

Tun da muka dawo Auta bai yi wa Baba magana ba. Ni yake kira, kullum tambaya ɗaya. Na ce masa tamba muna da ita, tukwane suna nan, itace yana nan, zan gwada. Marcha ce babu. Ƙullin da Inna ta bari a saman murhu, wanda take barbaɗa wa tamba ta tashi, damina ta lalata shi, ya yi baƙi ƙwari sun shiga. Na sayo ta kasuwa na yi dahuwa biyu. Ta farko ta yi tsami kamar ruwan tsamiya. Ta biyu ta fito da ƙarfinta, har Kawu Buddhi ya sha ya ce babu laifi, amma Kawu Buddhi ko kananzir kika ba shi zai ce babu laifi. Baba ya sansana ya ture ta gefe. Gwaggo Thuli ta ce mu karɓo a gidan wasu mu ce tamu ce, Baba ya ce to sai dai a nemi wani ya kai. Matan ƙauyen nan kowace da haɗinta, kuma duk sun ce ta Inna daban ce, ganyen da take sawa ba ta taɓa nuna wa kowa ba sai wadda take hawa dutse da ita.

Shekaranjiya na ɗebi ta biyun a cokali na kai wa Inna. Na tallafo kanta na sa mata a leɓe. Ta daɗe tana juya harshe, sannan ta kawar da kai ta tofar a kan zanena. Na ce Inna to gaya mini ganyen, ko ɗaya ne. Ta yi ta ƙoƙari, baki yana motsi, jijiyar wuya ta tashi, hannun hagu yana nuna sama wajen dutse. Sunayen suna nan a cikinta, ina gani a idonta, sun ƙi fitowa. Da ta gaji sai ta kama hannuna ta juya tafin ta duba, ta sake shi. Ta ce, “Bimaya.” Tun da ta kwanta ban ji ta faɗi kalma sarai haka ba. Na fita na zauna a bakin turken ɓauna na yi kukan da na riƙe tun daga jirgi. Wani ɓangaren kukan na haushi ne, ba zan yi miki ƙarya ba. Ni nake wanke ta safe da yamma, amma hannunki take nema.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ban ce ki karya rantsuwarki ba. Ban ce ki hura wuta ko ki taɓa tukunya ba. Na so in ce ki rubuto mini sunayen, sai na tuna yadda ku biyu kuke kiransu ba wanda ya sani, ni kuma ganye duk kore ne a idona. Bayan ɗaukewar ruwa suke nuna, da sanyi ya sauka kuma sun bushe, wato sati bakwai ko takwas ke gare mu daga yau. In an tsinko a watan Kartik, marcha ta bushe, sabuwar tamba ta shigo aka dafa aka rufe, da ƙyar za ta kai kafin Lhosar. Ki nemi hutun sati biyu wurin 'ya'yan tsohuwar nan. Shekara huɗu rabonki da gida, ko da Inna ta kwanta ba su sake ki ba. Ki zo mu hau tare. Ki sa hannuwanki a aljihu in kin ga dama, ki nuna mini da haɓa, ni zan tsinka, ni zan daka, ni zan dafa. Yadda za a kai kuma wannan ciwon kaina ne. In kin ce ba za ki iya ba, ba zan ga laifinki ba, kuma ba wanda zai ji cewa na tambaye ki, Auta ma bai san na rubuto ba. Sai dai ki gaya mini da wuri, don in san abin da zan ce masa.

Ki gaishe mini da Sabitri 'yar Kawu Buddhi in kun haɗu ranar hutunku, ki ce mata babanta yana nan yadda ta bar shi. Ki gaida Nirmaya da kuke ɗaki ɗaya, da tsohuwarki in tana gane gaisuwa. Gwaggo Thuli tana gaishe ki, ta ce man zafin da kika aiko ya ƙare. Asmita ta ce ki daina aiko mata riguna irin na 'yar shekara goma. Baba yana gaishe ki da kyau, ya ga ina rubutu ya tambaya wa nake wa, na gaya masa, ya fita bai ƙara tambaya ba. Inna ba ta ba da saƙo ba. Tun shekaranjiya dai duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta juyo da kai ta duba.

Ki huta lafiya. Ni ce ƙanwarki mai jiran amsa,
Chinimaya